Maus mara waya mai araha: idonsa lafiya lau, madannin hagu ne ya ci amana

Maus ɗin nan da kowa ke ɗauka idan nasa ya mutu nake nufi: mara waya, mai batir AA guda ɗaya, mai ɗan risiba (abin da ake sokawa a ramin USB na kwamfuta ya karɓi siginar maus) da ake adana shi a cikin gidan batir, da madannin DPI, mai sauya saurin kibiyar allo, a bayan tayar gangara shafi. Ba zan kira suna ba, don jiki ɗaya ne ake sauya masa tambari ana sayarwa da sunaye iri-iri. Kun san shi, kun kuma san kuɗinsa. Na ɗauke shi ne ya maye gurbin wani tsoho da wayarsa ta karye daga ciki, kuma a makonnin farko ban sami abin kushewa ba. Ana soka risiba kwamfuta ta gane shi, ba sai an saukar da komai ba. Kibiya na tafiya daidai a kan shimfiɗar maus ta yadi da kan katakon da ba ya sheƙi. A kan gilashi kam ba ya motsi yadda ya kamata, amma wannan ba laifinsa ba ne shi kaɗai, kusan duk maus mai jar fitila haka yake, domin idonsa hoton ƙananan tabon da ke kan tebur yake ɗauka yana kwatantawa, gilashi kuwa ba shi da tabon da zai gani.

To, sai madannin hagu ya fara danna biyu a wurin ɗaya.

Wanda bai taɓa haɗuwa da wannan ba zai ɗauka ƙaramin abu ne. Ba ƙarami ba ne. Ka danna fayil don ka zaɓe shi, sai ya buɗe. Ka danna alamar rufe shafi a burauza, sai shafi biyu su tafi. Ka sa alama a akwati, ta shiga ta fita a take, kai kana ganin kamar ba ka danna ba. Mafi ciwo shi ne jan abu: ka riƙe madanni kana jan folda zuwa wani wuri, a tsakiyar hanya maus ya saki da kansa ya sake kamawa, folda ta faɗa cikin wata foldar da kibiya ta bi ta kanta. Kwamfuta ba za ta tambaye ka ba, don a wurinta kai ka saki. Idan ba ka lura a lokacin ba ka maido da Ctrl da Z, sai ka shiga bincike. Wannan shi ne abin da ya fi ɓata min rai, kuma shi ya sa nake wannan rubutun.

Kafin a ɗora wa maus laifi akwai gwaji mai sauƙi. A buɗe manhajar zane irin Paint, a ɗauki fensir, a danna madannin hagu a riƙe da ɗan sauƙin hannu, a ja layi mai tsawo ana kewayawa a hankali. Maus mai lafiya zai ba da layi ɗaya ba yankewa. Nawa layin ya fito da giɓi nan da can. Sai a maimaita da madannin dama, sannan a kai maus ɗin wata kwamfutar a sake. Idan giɓin ya bi shi can, magana ta ƙare, ciwon a jikinsa yake. Kada ku ɓata lokaci da saitin saurin danna biyu da ke cikin Windows, wanda ake yawan ba da shawarar a taɓa. Wannan saitin tazarar da ke tsakanin dannawa biyu kawai yake aunawa, ba ya hana maus aiko da dannawar da yatsa bai yi ba. Sake saka direba, wato manhajar da kwamfuta ke sarrafa maus da ita, ma bai da amfani a nan. Sabon batir kuwa ya kamata a gwada, domin batir mai rauni yana kawo tsalle-tsallen kibiya da yankewa, amma ni na sa sabo dal ba abin da ya canja.

Ga abin da ke faruwa a ciki. Ƙarƙashin kowane madanni akwai ɗan suwic baƙi mai ƙafa uku, da ɗan farin kai a samansa. A cikinsa akwai siririn ganyen jan ƙarfe da aka lanƙwasa. Idan ka danna, ganyen ya faɗa kan wani ƙarfen ya haɗa wuta, shi ne ƙarar da kake ji. Ƙarfe idan ya bugi ƙarfe ba ya tsayawa nan take, sai ya ɗan yi rawa na wasu milisakan (kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa), yana haɗawa yana rabuwa. Kowane maus an tsara ƙwaƙwalwarsa ta yi watsi da wannan rawar na ɗan lokaci kafin ta ƙirga dannawa. Idan ganyen ya saki, ko wurin haɗuwar ya yi datti da tsatsar da ido ba ya gani, rawar sai ta wuce lokacin da aka ware mata, ƙwaƙwalwar ta ƙirga biyu. Maus mara waya ya fi saurin nuna wannan ciwon, saboda don a tsimi batir wutar da ake bi da ita ta cikin suwic ƙarama ce ƙwarai, ba ta da ƙarfin keta dattin da ke kan ƙarfen. A jikin kwali an rubuta miliyoyin dannawa. Wannan lissafin inji ne ke yin sa a ɗakin gwaji mai tsabta, ba ruwansa da ƙura da gumin hannu da damshin iska.

Na buɗe shi. Noti ɗaya yana cikin gidan batir a ƙarƙashin takardar da aka manna, biyu suna ƙarƙashin robobin santsi na baya. A ɗaga robobin da bakin reza a hankali a ajiye su ta gefen da ba gam, don idan suka lanƙwashe maus zai riƙa kartar tebur har abada. Murfin sama yana da ƙugiya a gaba, a ɗaga baya tukuna a tura shi gaba, kada a fizge. Fanel ɗin ciki, wato allon da aka like kayan wuta a kansa, ƙarami ne, siriri, layukan wutarsa a fuska ɗaya. Suwic ɗin ba suna a jikinsu, ba lamba, babu komai. Nan na gane inda aka rage kuɗin.

Gyara hawa uku ne. Na farko, a ɗiga sifirit na isopropyl mai kashi 90 ko sama, ɗigo ɗaya ko biyu, a gefen farin kan, a danna shi sau da yawa, a bar shi ya bushe sarai kafin a mayar da batir. Kada a zuba mai ko wani abu mai maiƙo, ƙura zai tara. Na biyu, a ɓalle baƙin murfin suwic ɗin da allura ta ƙugiyoyinsa biyu, a goge wurin haɗuwar da 'yar takarda mai tsabta da aka jiƙa da sifirit. A yi wannan a kan farin ƙyalle, saboda farin kan nan bai kai ƙwayar shinkafa ba, idan ya faɗi ƙasa sai dai haƙuri. Ganyen jan ƙarfen kuma in ya fita daga mazauninsa, mayar da shi aiki ne na mai haƙuri da hantsaki mai tsini. Na uku, wanda shi ne gyaran gaskiya, a cire suwic ɗin gaba ɗaya a sa sabo. Ƙarfen soda, wato na narka dalma, ya kasance wajen digiri 350, a zuƙe tsohuwar dalma daga ƙafafu ukun, kada a daɗe a kan ƙafa ɗaya fiye da daƙiƙa uku ko huɗu. Fanel mai arha ba ya jure zafi, zoben jan ƙarfen da ke kewaye da ramin yana ɗagowa, daga nan sai an yi gada da waya. Sabon suwic ya zauna daram a kan fanel kafin a like shi, in ya ɗan karkace madannin zai yi tauri ko ya ƙi dawowa.

Hawa na farko ya yi min aiki. Layin Paint ya dawo ɗaya, har na fara cewa a raina ai ba laifi, maus mai wannan kuɗin da ɗigon sifirit ke warkar da shi bai cancanci zagi ba. Da a lokacin na rubuta sharhin nan da tauraro huɗu zan ba shi.

Ashe tsugune ba ta ƙare ba. Ba a jima ba danna biyun ya dawo, ya kuma tuna min da wani halin nasa da nake ta kawar da kai a kansa tun ranar farko: barci. Idan aka bar shi 'yan mintoci sai ya kashe kansa don tsimin batir. Wannan daidai ne, duk mara waya yana yi. Amma mai kyau da ka motsa shi yake farkawa. Wannan sai ka danna madanni, kuma dannawar da ka tashe shi da ita wani lokaci tana wucewa zuwa kwamfuta. Wato duk abin da kibiya ke kai a lokacin, an danna shi. Haɗa wannan da suwic mai danna biyu ka ga abin da zai faru idan kibiya ta kwana a kan madannin aika saƙo ko na gogewa. Dabarar da ta rage ita ce tashe shi da madannin DPI, sai dai shi kuma yana sauya saurin kibiya, ka sake zagayawa 800, 1200, 1600 har ka dawo inda kake. Kuma duk lokacin da aka kashe shi ta ƙasa aka kunna, ya manta saurin da ka zaɓa.

Maganar DPI ma kada lambar kwali ta ruɗe ku. Aikin ofis da karatu da intanet a kan allo na yau da kullum, 800 zuwa 1600 ya wadatar. A maus masu arha babbar lambar sau da yawa ninkawa ce ta lissafi, idon bai ƙara gani ba, kibiya ce kawai take tsallake wurare. A 1600 na wannan maus ɗin, zaɓar harafi ɗaya a tsakiyar kalma sai an yi da gaske. Yawancin irinsa sau 125 a daƙiƙa suke aika wa kwamfuta rahoto, wato kowane milisakan 8. Ga rubutu ba za ka ji ba, ga mai wasan gem mai sauri zai ji.

Abu ɗaya zan wanke shi a kai. Akwai lokacin da kibiya ta riƙa tsayawa tana fizga, na ɗauka wani sabon ciwon ne. Ashe na'urar ajiya ce da ke soke a ramin USB 3.0 kusa da risiba. USB 3.0 yana fitar da hayaniyar rediyo a yankin 2.4 GHz, daidai inda waɗannan risiba suke magana da maus, kamfanin Intel ma ya fitar da takarda a kan haka a 2012. Maganinsa a mayar da risiba ramin USB 2.0, ko ɗaya gefen laftof, ko a sa 'yar gajeriyar wayar ƙari a kawo shi kan tebur kusa da maus. Wanda kwamfutarsa ke ƙarƙashin tebur kuma ya soka risiba a baya, jikin ƙarfen kwamfutar ma yana tare siginar. Wannan yana samun har masu tsada, don haka ban ƙirga masa shi ba.

Risiban kansa kuwa a kula da shi kamar ido. A masana'anta aka haɗa shi da wannan maus ɗin kaɗai, ba madannin sake haɗawa, ba manhaja. Ya ɓace, maus ya zama shara ko da sabo ne. Wasu kamfanonin suna da risiba da ake iya sake haɗawa, kamar Unifying na Logitech da ke ɗaukar na'ura har shida, amma a wannan matakin kuɗin ba kasafai ake samun haka ba.

Taya ma ta fara nuna hali: kana gangarawa ƙasa, shafi ya ɗan yi tsalle sama. Ƙura ce a cikin ɗan ƙarfen da ke ƙirga juyawarta, sifirit yana kwantar da ita na wani lokaci. Mai son sauya wannan ƙarfen ya auna tsayinsa daga fanel zuwa tsakiyar ramin da sandar taya ke shiga, don suna zuwa tsayi daban-daban, kamar milimita 9 da 11, in ba a dace ba taya za ta karkace.

Araha ba ta ado, na sani, kuma ban nemi ado ba. Abin da na nema danna ɗaya ya zama ɗaya. Tauraro biyu na ba shi, ɗaya na idon, ɗaya na batir da yake daɗewa.

Wanda kuɗinsa bai wuce na wannan ba, shawarata ya ɗauki mai waya. Kuɗin da aka kashe a rediyo da risiba da gidan batir, a mai waya ba a kashe shi ba, ba barci, ba nauyin batir AA da ya kai wajen giram 23 a bayan maus, ba risiban da zai ɓace. A duba inda waya ta shiga jiki, a tabbata akwai robar da ke tallafe ta, domin nan take karyewa. A duba ƙasa, robobin santsi su kasance masu faɗi, ba ɗigo huɗu ƙanana ba. A danna madannan biyu a gaba da tsakiya da baya, ƙararsu da taurinsu su zo ɗaya, in ɗaya ya fi laushi tun a kwali, a ajiye shi. Masu shiru da ba sa ƙara suna da daɗi a ofis, amma da yawansu suwic ɗinsu ƙarami ne mai ƙafa biyu wanda ba a buɗe shi a goge, sai dai a sauya. Idan kuma dole sai mara waya, a tambayi abu biyu: motsi yana tashe shi daga barci ko sai an danna, kuma ana iya haɗa shi da wani risiban? Duk wanda aka saya, a yi masa gwajin layin Paint a ranar farko, a sake yi kafin wa'adin mayar da kaya ya cika, da madannin hagu da na dama da na taya.