Lesin na kuɗi ko karatun rukuni: wanne ya fi wa ɗan SS3 idan malamai ba sa zuwa?

Idan malamin lissafi ya riƙa tsallake aji a shekarar ƙarshe ta sakandare, WAEC da NECO ba za su rage tambaya ko ɗaya saboda haka ba. Ga shi kuma jami'a ba ta kallon ɗalibi sai da kiredit 5, har da Turanci da lissafi.

Masu hali kan sa yaransu lesin na yamma. Amfaninsa a fili yake: akwai wanda ya san manhajar, ya san abin da aka tsallake, zai kuma gyara kuskure nan take. Wasu cibiyoyin ma suna da kwamfutocin gwajin JAMB. Sai dai kuɗin wata-wata da na mota na karya iyaye, kuma abin da ya fi ƙona mini rai, wani lokacin malamin da bai shiga aji da safe ba shi ne mai karɓar kuɗin da yamma.

Karatun rukuni kyauta ne. Yara kaɗan su zauna da tambayoyin shekarun baya, wanda ya fi gane wani babi ya koya wa saura. A darussa irin su Gwamnati, Adabi ko Addinin Musulunci, wannan kan wadatar. Haɗarinsa shi ne idan jagoran ya fahimci abu a karkace, duk za su kwashe shi haka, hira kuma takan cinye lokaci.

Ni dai, da kuɗin darasi ɗaya kawai gare ni, lissafi ko kimiyyar da ke da jarrabawar aiki a ɗakin gwaje-gwaje zan biya wa, sauran a yi su a rukuni. Iyaye kuma su kai maganar fashin malamai gaban shugaban makaranta da taron PTA tun zangon farko.