Kafin ka sayi na'urar daidaita hasken leza

Yawancin leza da ake saya haskenta na fitowa ne a siffar Gaussian, wato tsakiya ta fi zafi gefe kuma yana ta raguwa kamar tulin yashi. Idan yankan siririn fim kake yi ko zane a jikin ƙarfe, tsakiyar sai ta ƙona maka aiki alhali gefen bai ma ci ba. Shi ya sa ake neman hasken da ƙarfinsa ɗaya ne ko'ina, wanda masu sayarwa ke rubuta flat-top ko top-hat.

Hanya mafi araha ita ce ka buɗa hasken ka sa ƙaramar ƙofa ta yanke gefen, amma fa asara ce babba, domin in kana so bambancin tsakiya da gefe kada ya wuce kashi 10 cikin 100, to kashi 10 ɗin nan kaɗai na ƙarfin lezar zai rage maka, sauran ya tafi a banza.

Tambayar da ya kamata ka fara amsawa ita ce M² na lezarka, wato lambar da ke nuna yadda haskenta ya kusanci cikakkiyar siffar Gaussian (1 ita ce cikakkiya), kuma ka auna da kanka kada ka dogara da takardar kamfani kawai. In yana kusa da 1, kana da zaɓi biyu masu kyau. Akwai mai lensi biyu masu lanƙwasa ta musamman irin πShaper na AdlOptica da ke Berlin, wannan ba ya zubar da haske sosai kuma siffar tana ɗan yin nisa kafin ta lalace. Sai DOE, faifan gilashi ne siriri da aka sassaƙa ƙananan matakai a jikinsa, Holo/Or na Isra'ila sun daɗe suna yin sa, yana ba ka da'ira ko murabba'i ko layi a wurin da lensi ya tara hasken. Amma DOE na zangon haske (wavelength) ɗaya ake ƙera shi, na 1064 nm ba zai yi maka aiki a 532 ba, kuma shi da mai lensi biyun dukansu ba su da haƙuri, faɗin hasken da ke shiga (ana auna shi inda ƙarfi ya sauka zuwa kashi 13.5) in ya kauce ko saitin ya goce kaɗan sai ka ga gefe ɗaya ya yi ƙaho ɗayan ya kwanta. Don haka ka sa kuɗin na'urar faɗaɗa haske da mariƙi mai saiti cikin lissafi tun farko.

In kuma lezarka mai M² babba ce, irin excimer ko diyod masu ƙarfi, ka nemi jerin ƙananan lensi ko faiba (zaren gilashi) mai ciki murabba'i, su ba ruwansu da siffar da ta shigo. Kada dai ka sa su a gaban leza mai tsabtataccen haske, wato mai M² kusa da 1, ɗige-ɗige za su cika maka wurin.

Layi kawai kake so? Lensin Powell, wanda ke shimfiɗa haske ya zama layi mai ƙarfi ɗaya, ya wadatar.

SLM kuwa, wato allon lantarki mai sauya siffar haske, na masu bincike ne da ke canza siffa kullum daga kwamfuta, yana da tsada kuma bai jure ƙarfi kamar gilashi zalla, ni ba zan ba mai aiki iri ɗaya shawarar sayensa ba. Masu walda su duba leza mai zobe da tsakiya irin BrightLine Weld na Trumpf ko ARM na Coherent, tana rage tartsatsi. Sannan mai lezar CO2 ya tuna haskenta mai zangon 10.6 µm ba ya ratsa gilashin silika, lensin ZnSe zai tambaya, kuma kowa ya nemi a rubuta masa iyakar ƙarfin da gilashin ke ɗauka a tsawon bugun lezarsa kafin ya biya.