Kwamfutar da Ke Mutuwa da Kanta: Me Ya Kamata Mai Haɗa Na'ura a Zariya Ya Fara Saye?

Duk wanda ya haɗa kwamfutar tebur da hannunsa, ko ɗalibin injiniya ne a Samaru ko mai shagon buga takardu a PZ, ya san baƙin cikin da ke tattare da na'urar da ke ɗaukewa ana tsakiyar aiki. Abin da aka saba yi shi ne a ɗora wa NEPA laifi, a garzaya kasuwa a sayo sitabilaiza, bayan kwana biyu kuma matsalar ta dawo. Kayan da ake tallata wa mai irin wannan damuwa guda huɗu ne: sabon PSU, wato akwatin da ke raba wa sassan kwamfuta wuta, sai UPS, wato na'ura mai batir da ke riƙe kwamfuta na ɗan lokaci idan wuta ta ɗauke, sai sitabilaiza, sai kuma inbata. Kowannensu cuta daban yake magancewa, don haka kada a fitar da ko sisi sai an gano wadda ke damun na'urar.

Yadda kwamfuta take mutuwa shi ne shaida ta farko. Idan tana aiki lafiya a lokacin rubutu ko shiga intanet, amma ta ɗauke nan take da zarar an buɗe wasa mai nauyi ko manhajar zanen gini irin su AutoCAD da Revit, to zargi ya fi karkata ga PSU. Idan kuwa sai ta yi minti ashirin ko talatin fankokinta suna ƙara gudu kafin ta mutu, musamman da rana a watannin Maris da Afrilu, zafi ne. Idan mutuwar tata tana zuwa daidai da lokacin da ƙwan ɗaki ya dusashe, ko firji ya tashi, ko aka juya layi zuwa janareto, matsalar daga soket take. Windows tana rubuta irin wannan mutuwa a Event Viewer, wato kundin da take adana abubuwan da suka faru da na'ura, da lamba 41 ƙarƙashin Kernel-Power, sai dai lambar tana nuna cewa an kashe na'urar ba bisa ƙa'ida ba ne kawai, ba ta faɗin dalili.

Matsalar zafi ita ce mafi arha, kuma ita ce aka fi mantawa da ita. Ƙurar hunturu tana shiga tsakanin siraran ƙarafunan da ke sanyaya furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, ta dunƙule, har idan ka cire fankar za ka tarar da ita ta zama kamar auduga ja, tana ɓarewa a yatsa. Manhajar HWiNFO ko HWMonitor, waɗanda ake samu kyauta, za su nuna ma'aunin zafi. Yawancin furosesoshin AMD Ryzen suna fara rage gudu a wajen digiri 90 zuwa 95, na Intel kuma a wajen 100, idan zafin ya ci gaba da hawa sai na'urar ta kashe kanta don kada ta ƙone. Maganin wannan bai wuce buroshi, da abin hura iska, da sabon man da ake shafawa tsakanin furosesa da abin sanyaya ta ba. Haka nan a sake danna filogi mai baki 24 na babban allon cikin kwamfuta, wato motherboard, da mai baki 8 na furosesa har sai maƙallinsu ya yi ƙas, domin filogin da bai zauna ba yana kwaikwayon kowace irin cuta.

In an kawar da waɗannan, sai a koma kan PSU, wanda a ganina shi ne inda masu haɗa kwamfuta suka fi cutar da kansu. Mutum zai kashe kuɗi mai yawa a kan katin hoto, wato sashen da ke sarrafa hotunan wasa da zane, sannan ya haɗa shi da akwatin wutar da ya zo kyauta a cikin kes. Aikin wannan akwati shi ne ya karɓi wutar gida mai bolt 230 ya mayar da ita bolt 12, da 5, da 3.3, kuma furosesa da katin hoto daga layin bolt 12 suke sha. Saboda haka kada babbar lambar da ke jikin kwali ta ruɗe ka. Juya akwatin ka dubi takardar da ke manne a gefensa, ka nemo amfiya nawa aka rubuta ƙarƙashin +12V, ka ninka da 12. Idan an rubuta 40A, wat 480 ke nan. Idan kuwa akwatin yana iƙirarin wat 600 amma ka ga 18A, ainihin abin da zai bai wa manyan sassa bai kai wat 220 ba. Kwamfuta mai Ryzen 5 5600, wanda aka ƙiyasta a wat 65, da katin RTX 3060 mai cin wat 170, kamfanin Nvidia ya ba da shawarar a haɗa ta da PSU mai wat 550.

Akwai layi na biyu a kan wannan takarda da ya fi muhimmanci a garinmu, shi ne iyakar wutar da akwatin yake karɓa. Wanda aka rubuta masa 100 zuwa 240V zai ci gaba da aiki ko da wutar unguwa ta sauka sosai da yamma, amma wanda aka rubuta masa 200 zuwa 240V, ko da kuwa na sanannen kamfani ne, zai iya ɗaukewa da zarar taransifoma ta yi nauyi. Tambarin 80 Plus, da matakansa irin su Bronze da Gold, yana auna rashin ɓarnar wuta ne, ba tabbacin inganci ba ne gaba ɗaya, amma akwatin da ba shi da ko wannan tambari abin gudu ne. Sabon Corsair, ko Seasonic, ko Cooler Master mai garanti ya fi tokumbo, domin kafasitocin ciki suna tsufa ba tare da ido ya gani ba. In dole sai tokumbo, a gwada shi a shagon da kwamfuta mai aiki tuƙuru. Gwajin da ake yi na haɗa koriyar waya da baƙa a babban filogin PSU don ya tashi ba tare da kwamfuta ba yana nuna cewa fanka tana juyawa ne kawai. Kada a kuskura a buɗe cikinsa, domin yana riƙe wuta mai haɗari ko bayan an zare shi, kuma kada a yi amfani da wayoyin wani PSU a jikin wani, ko da bakinsu ya shiga.

Idan ta tabbata daga soket ne, UPS ya fi sitabilaiza amfani nesa ba kusa ba. Sitabilaiza yana ɗaga wuta ko ya rage ta, amma ba shi da batir, don haka da an ɗauke wuta aikin da ba a adana ba ya tafi, kuma wanda ke da PSU mai karɓar 100 zuwa 240V ba kasafai yake buƙatarsa ba, sai a unguwar da wuta ke faɗuwa ƙasa da hakan ko take wuce kima. UPS iri uku ne. Mafi arha yana jira ne sai wuta ta ɗauke ya koma batir, wanda hakan ke sa batirinsa saurin mutuwa a inda wuta take hawa da sauka. Na tsakiya yana ɗauke da nasa sitabilaiza, ana rubuta masa AVR, kuma shi na fi ba masu gida shawara su saya. Na uku, wanda kullum ta cikinsa wuta take bi ba tare da wani tsaiko ba, ya dace da ofis mai babbar kwamfutar da sauran kwamfutoci suke dogaro da ita, wato server, amma tsadarsa ta yi wa ɗalibi yawa.

Abubuwa biyu ne suke yaudarar mai sayen UPS. Na farko, VA, wato ma'aunin ƙarfin da ake rubutawa a jikin UPS, ba wat ba ne: a ƙananan na'urori wat ɗin yakan kasance wajen kashi 60 cikin 100 na VA, don haka mai 650VA da kyar yake kai wat 400, kuma kwamfutar wasa da allonta suna iya fin ƙarfinsa ya yi ƙara ya mutu tare da ita. Irin wannan kwamfuta 1200VA ko 1500VA take so. Na biyu, wasu PSU na zamani masu Active PFC, wato tsarin gyara yadda suke jan wuta, ba sa jituwa da wutar UPS mai arha, sukan yi ƙugi ko su ɗauke a lokacin juyi zuwa batir, saboda haka wanda ke da hali ya nemi mai rubutun Pure Sine Wave, wato wanda wutarsa take kama da ta soket. A kuma tambayi mai shago ko ana samun batirinsa, wanda galibi 12V 7Ah ne, a Sabon Gari, domin an auna rayuwar irin wannan batir ne a digiri 25, kuma zafin bazara yana gajarta ta ƙwarai.

Inbata da sola na mai son yin aiki na sa'o'i ne, alhali UPS 'yan mintuna yake bayarwa don a adana aiki a kashe na'ura. Wanda ya riga ya mallaki inbata ya duba ko tana da saitin UPS, domin a saitin da aka saba juyinta yakan yi jinkirin da kwamfuta ba za ta jure ba. Soket mai kariya daga tsallen wuta kuwa ba ya hana mutuwar kwamfuta, kuma kariyarsa tana raguwa a gidan da ba a binne wayar ƙasa ba, kamar yadda yake a ɗakunan haya da dama. Don haka idan hadari ya haɗo da tsawa a damina, a kashe na'urar a zare filoginta daga bango, har da wayar intanet idan akwai.