Sayen Marjolen a Yamai: Busasshen Ganye, Gari ko Shuka?

Uwargida, idan kika shiga Babbar Kasuwar Yamai ko Wadata kika ce wa mai kayan ƙamshi ya ba ki marjolen, wani ganyen ƙamshi da ake sa wa girki, sau da yawa tim (thyme) zai miƙo miki, ya ce ai duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne. Danginsu dai guda da na'ana'a da ɗoɗɗoya, amma marjolen ƙamshinsa sanyi gare shi, da ɗan zaƙi-zaƙi kamar na fure, ba ya yi wa harshe kaifi. Asalinsa daga gabashin Bahar Rum yake, wajen Kubrus da kudancin Turkiyya, kuma Masar na cikin manyan masu noma shi suna fitarwa. Larabawa na ce masa bardaƙush.

Fara da karanta sunan. A kwalbar da ta fito daga Faransa, irin ta kamfanin Ducros, za ki ga an rubuta marjolaine. Wadda ta biyo ta Najeriya kuwa marjoram. Idan akwai sunan kimiyya, Origanum majorana ake nema. Wanda aka rubuta wa origan ko Origanum vulgare ɗan'uwansa ne mai zafin kai. Faransawa ma kan kira shi marjolen na daji, daga nan rikicin yake tasowa. Origan ya fi ƙarfi da ɗaci, ya dace da gashi da miyar tumatir mai daɗewa a wuta. A wainar ƙwai kuwa sai ya danne komai.

Ni dai busasshen ganye a ƙaramar kwalba mai murfi nake ba kowa shawara. Ki ɗaga kwalbar ki duba: ganyen kirki kore ne mai ɗan toka-toka, ƙanana, ba tarin itatuwa a ciki. Wanda ya koma ruwan ƙasa ya tsufa. In mai kanti ya yarda, ki zuba kaɗan a tafin hannu ki murza da yatsa. Ƙamshi ya tashi nan take, saya. Kika ji warin ciyawar awaki, mayar masa da abinsa. Kada arha ta ja ki ga babbar kwalba, domin zafin Afrilu da Mayu a garin nan, da ke haura digiri 40, yana shanye man da ke cikin ganyen tun ba ki ci rabi ba. Na ƙulli a leda da ke rataye a rana, wannan arhar banza ce. Na taɓa sayen irinsa, na zuba cokali uku a miya, ko maigida bai san an canza komai ba.

Gari fa? Yana da sauƙin haɗawa da yajin nama, amma ƙamshinsa ya fi saurin gudu, kuma ido ba zai gaya miki ko an cuɗa shi da wani ganye ba. Sai dai in babu wani.

Akwai kuma haɗin da ake kira herbes de Provence: tim, romaren (rosemary), origan, wani lokaci da marjolen a ciki. In gashin kaza ko naman Layya kawai kike so, shi kaɗai ya isa. Amma ki juya kwalbar ki karanta, don wasu ba marjolen a cikinsu ko kaɗan. Za'atar kuma, wani haɗin ganye na kantunan Labanawa, akwai riɗi da gishiri da ɗan tsami a cikinsa, da burodi da mai ake cinsa, ba na miya ba ne.

Ɗanyen ganye ya fi kowanne daɗi, sai dai samunsa a kasuwa sai an dace. Mai sha'awa ta shuka a tukunya mai huji a ƙasa, da ƙasa mai yashi, don saiwarsa ba ta son ruwa ya kwanta. A fara a Nuwamba da sanyi ya shigo. Irin ƙanana ne ƙwarai, a yayyafa a sama kada a binne da zurfi, in bazara ta zo a janye tukunyar zuwa inuwa idan rana ta take. Wajen awo, babban cokali ɗaya na ɗanye daidai yake da ƙaramin cokali ɗaya na busasshe.

Kafin ki fitar da kuɗi ma, ki tuna me kike yawan dafawa. In gidanki gidan kuka da kuɓewa ne, bar shi, daddawa ba za ta bari a ji shi ba. Inda yake haskawa shi ne wake, dankali, wainar ƙwai da albasar Galmi, farfesun zabo, da karfasar kogi da aka shafe da lemun tsami da tafarnuwa. Doguwar wuta na kashe ƙamshinsa, saboda haka ki murza rabin ƙaramin cokali a tukunyar mutum shida kamar minti biyar kafin saukewa, ki rufe murfi.