Kafin ka tura sidi ɗaya a shafin caca, duba yadda suke biya

Hukuncin caca kowa ya san shi, malamai sun faɗa a unguwannin Accra, a Nima sun faɗa a Mamobi sun faɗa, amma samarin mu na yi, kuma kukan da na fi ji shi ne "na ci amma kuɗi sun ƙi fita". To ga yadda nake ganin shafukan cacar nan wajen biya.

Na farko, kuma shi na fi yarda da shi, kamfani mai lasisin hukumar caca ta Gana, wadda dokar 2006 ta kafa, wanda ke biya kai tsaye cikin walat ɗin waya, MoMo na MTN ko Telecel Cash. A irin waɗannan kamfanoni, ƙananan kuɗi inji ke turawa ba mutum ba, shi ya sa kafin ka sauka daga trotro, motar haya, alat ya shigo. Inda ake samun tsaiko shi ne cirewar farko ko kuɗi masu kauri, don sai wani ma'aikaci ya zauna ya duba Ghana Card ɗinka, wato katin shaidar ɗan ƙasa, ya ga sunan da ke kan layin wayar ya yi daidai da na akawun, kuma nan ne ƙarancin ma'aikata ke bayyana, daren Asabar bayan wasannin Ingila kowa na son cirewa lokaci guda, ma'aikata kaɗan ke kula da layin mutane masu yawa. Amma ko ba komai suna da ofis a ƙasar nan, suna da lambar da mutum mai rai ke ɗauka, in sun ƙi kana da hukumar da za ka kai ƙara. Ni tun da wani shafi ya riƙe min kuɗi da kalmar "fendin", wato a jira tukun, na yi ta rubutu inji na maimaita min amsa ɗaya kamar aku, abin da nake fara gwadawa kenan: in kira su da dare in ji ko akwai mutum. In babu, na wuce. Kuma kar ka buɗe akawun da layin hajiyarka ko na matarka, wallahi ranar cirewa za ka yi bayani.

Na waje masu lasisin tsibirin Kurasawo da ke biya da kirifto, kuɗin intanet, in sun riƙe ka babu inda za ka je. Masu bonas mai ƙiba kuwa sai ka sake sa kuɗin a caca sau barkatai kafin su bari ka taɓa, ban ɓata lokaci a kansu.

Wani abu da mutane ba su lura da shi ba, wasu shafukan na barin maɓallin soke cirewa a buɗe duk tsawon jiran, da gangan, don ka gaji ka mayar da kuɗin cikin wasa.

Sai ɓarayi, su ne suka fi ci min rai. Da ka rubuta ƙorafi a ƙarƙashin shafin kamfani a Facebook, minti kaɗan wani zai biyo ka inbos da hoton kamfanin a furofayil, wai shi ma'aikaci ne zai saki kuɗinka, ka turo sidi 50 na "buɗewa". Ƙarya ne. Wani ya ce haraji za ka biya tukun, alhali harajin kashi 10 da aka sa a 2023 gwamnatin Mahama ta soke shi a 2025, kuma ko lokacin da ake karɓa daga cikin abin da ka ci ake yanka, ba ka tura wa kowa. Akwai masu turo manhaja ta WhatsApp mai kama da ta gaske sak, akwai ejan na Telegram masu cewa ka zuba ta hannunsu ya fi sauri. Mafi muni shi ne wanda zai kira ka, da Hausar zango ma, yana "ɗan uwa" yana "alaji", ya ce ka danna *170#, lambar MoMo, ka amince da saƙon da ya shigo. Wannan saƙon na cire kuɗi ne daga walat ɗinka, da ka sa lambar sirri shikenan sun tafi.