Taron bidiyo na kyauta a hannun ƴan sa-kai: abin da na gani

Ƙungiyarmu ta tsofaffin ɗalibai a warwatse take. Wasu muna nan Damagaram, wasu Yamai, wasu Agadas, akwai kuma masu neman kuɗi a Kano da Aljeriya. Tun bara muka mayar da taron wata-wata kan manhajar taron bidiyo ta Jitsi Meet, a wata saba (kwamfutar da taron ke bi ta cikinta a intanet) da ƴan sa-kai ke riƙe da ita a Turai, kuma da yake ni ne magatakarda, buɗe ɗaki da raba adireshi a wuyana suke.

Abin da ya ja mu shi ne sauƙin shiga. Ba rajista, ba a tambayarka lambar tarho ko imel. Ka laƙaba wa ɗaki suna, ka tura adireshin a WhatsApp, kowa ya latsa ya faɗo. Mai kwamfuta Chrome ko Firefox sun ishe shi. Sannan ba agogo a kanka. Zoom na kyauta a minti 40 yake yankewa, mu kuwa gaisuwa da tambayar iyali kaɗai sai su cinye rabin wannan kafin a taɓo maganar kuɗin asusu.

Ita manhajar ba sabuwa ba ce. Emil Ivov ya fara ta a 2003 yana ɗalibi a jami'ar Strasbourg ta Faransa, aka sa mata suna Jitsi a 2011, kuma tun 2018 kamfanin 8x8 ke ɗauke da nauyinta. Sai dai tushenta a buɗe yake, duk wanda ya iya yana da damar ya ɗauka ya kafa tasa sabar. Haka ƙungiyar Framasoft ta yi da Framatalk a Faransa, haka ƴan Freifunk na Munich suka yi a Jamus lokacin korona. Wannan ya ƙara amfani daga Agustan 2023, lokacin da babban shafin meet.jit.si ya fara neman mai buɗe ɗaki ya shiga da asusu irin na Google. Sabar da muke amfani da ita ta wata ƙaramar ƙungiya ce, talla ko ɗaya babu, kuɗin haya daga gudummawar jama'a yake fitowa.

To, kyauta ce, amma megarka ce ke ƙonewa. In mutum biyu ne, wayoyin kan haɗu kai tsaye. Da na uku ya shigo, hoton kowa sai ya je sabar can Turai ta rarrabo shi, ko da kuwa ɗaya yana unguwar Birni ɗaya yana Zango a nan Damagaram. Da yamma in rezo ya yi nauyi, fuskoki su daskare, murya ta riƙa zuwa a makare, dattawa biyu su ɗauki magana tare kowa yana jin an katse shi. Maganin da muka samu: a gaisa da kyamara, sannan kowa ya kashe ta sai mai magana. Da murya kawai, ko tsohuwar waya tana jurewa.

Inda na fi jan kunne shi ne sunan ɗaki. Ɗakin kamar zaure yake, duk wanda ya san ƙofa zai yi sallama. Ka sa “taro” ko “zinder”, baƙo na iya faɗo maka. A zaɓi dogon suna, a sa kalmar sirri, a kunna ɗakin jira.

Ranar da sabar ta tsaya ana gab da taronmu, ba wanda za mu kira. Sanarwa ce kawai washegari cewa sun yi gyara, tare da ban haƙuri. Na ji haushi a daren, amma mutanen nan bayan sun tashi daga aikinsu suke kula da ita, kuma ko dala ba mu taɓa ba su ba. Taron ƙungiya, darasi, hirar dangi, na yarda da ita. In ganawar neman aiki ce ko ciniki mai nauyi, ka tanadi adireshin wata saba ta biyu a gefe. Ni yanzu biyu nake turawa tun a takardar gayyata.