CZ 452: bindigar wanda harsashinsa yake a ƙirge

Gafiya da kurege ne suka sa na nemi lasisi, don sun addabi gonar dankalina da ke bayan garin Jos. Wannan tun kafin a dakatar da ba da sabon lasisi ne. Dokar makamai ta 1959 ta raba abin gida uku: bindigar toka tana hannun kwamishinan 'yan sanda, ta farauta sai da izinin Babban Sufeto, fistol da bindigogin soja kuwa sai shugaban ƙasa ya sa hannu. Lasisin da lambar bindiga ɗaya ake rubuta shi, ba ka da damar saye ka ɗanɗana ka canja. Kamar aure ne.

Biyu na sa a gaba, duk masu cin ƙaramin harsashin da ake kira .22 LR: Ruger 10/22 ta Amurka mai ɗura kanta, da CZ 452 ta ƙasar Cek mai sakata, wadda sai ka ja da hannu bayan kowane harbi. Raina ya so Ruger, ba zan ɓoye ba. Wani dattijo maharbi ya ce da ni, "Ɗana, a garin da ake ƙirga maka harsashi, me za ka yi da mai saurin zubarwa?" Na ɗauki CZ.

Ban yi nadama ba. Idan na ɗora ta kan buhun yashi a nisan mita 50, harbi biyar sukan taru a wurin da murfin kwalbar lemo zai rufe. Amma tana da zaɓen abinci. Harsashi mai matsakaicin gudu, wajen mita 330 a daƙiƙa, shi take so. Mai tsananin gudu ya fi ƙara, ya kuma fi warwatsuwa. Sai da na ƙona kusan kwali guda na harsashi 50 kafin na gane haka, ranar kuwa abin ya yi mini ciwo, don kwanson irin wannan harsashi ba a sake cika shi. Sinadarin da ke tada wutar a gefen gindin kwanson yake, allurar da ke cikin bindigar tana dukansa ya lotsa, shi ke nan. Shi ya sa ma ba na jan kunama idan babu harsashi a ciki, kada allurar ta dinga cin bakin ramin da harsashi ke zama.

Aibinta biyu. Kunamar tana ɗan ja da ƙasa kafin ta saki, sai yatsa ya saba. Na biyun ba laifinta ba ne kacokan: ƙwayar harsashin ba ta kai giram 3 ba, iskar hunturun Jos kuwa ba ta da wasa. Wata safiya a Janairu na saita wata gafiya a bakin kunya, na ga ƙura ta tashi gefe da ita, ta waiwayo ta dube ni ta shige rami. Bayan mita 75 yanzu ba na ɓata harsashi.

A hanyar gona sakatar tana aljihuna, bindigar tana cikin jakarta, lasisin yana saman gaban mota. A shingen bincike nakan faɗa da bakina tun kafin a buɗe but.